Gashi na Shida

A kan tudun da ke bayan Batumi,
Baƙin Teku na numfashi can ƙasa da ƙafafunmu,
hazo ya yaye da hantsin Satumba,
shahuna suka ɓarke ta tsagin duwatsu
kamar an zazzage buhun gawayi a sama.
Ina danna 'yar na'urar ƙirge, dubu huɗu da ɗoriya,
shayina ya huce, ban kurɓa ba.

Guram na gefe, kan kututturen goro.
Shekara arba'in ya yi yana ɗana raga a gangaren nan,
da ɗan tsuntsu ɗaure a sanda, yana rawar yaudara.
Yanzu gwiwa ta ƙi, ya ari madubin hangen nesa,
ba ya ƙirge, ba ya hira,
wuyansa a ɗage, bai san gajiya ba.

Sai ya ce, "Shorena, bar lissafin nan.
Na uku daga hagu, wanda ya ware.
Fiffikensa ya fi faɗi, wutsiya gajeriya,
babu baƙin tabo a gwiwar fiffike.
Ƙirga min yatsunsa."
Na ce biyar. Ya ce, "Shida."
Na sake saiti, tsuntsu ya karkata,
rana ta faɗo min cikin ido,
na shidan dai ban gan shi ba.

Shahon zuma namu yatsa biyar gare shi.
Mai shida ɗan gabas ne, baƙon da ya saki hanya.
Gashi guda ne tsakaninsu,
a nisan da jifa ba zai kai ba.

Lasha ya harba kyamara sau goma sha bakwai.
Sha shida gajimare ne da gutsuren wutsiya.
Ɗaya ta kama shi, dishi-dishi,
kamar ƙuda a jikin gilashin da ba a goge ba.

Da dare muka baje takardar kwamiti a teburin girki.
Ƙarfe nawa? Nisa nawa? Rana tana ta ina?
Ka taɓa ganin irinsa? A ina, sau nawa?
Me ya sa ba na gida ba ne?
Guram ya ture farantin cuku.
"Ni za a titsiye? Ina riƙe shaho a hannu
tun uwayen waɗannan ba su yi haƙori ba!"
Na yi shiru, na fere fensir.
Ya huce, ya soma faɗa ina rubutawa,
har muka zo kan tambayar maƙogwaro:
akwai baƙar sarƙa kewaye da shi?
Ya daɗe yana murza gashin baki.
Kalma ɗaya ce, ba wanda zai ƙaryata shi.
Ya ce, "Rubuta: nan wajen ban lura ba."

Amsa ta zo a hunturu, lemo ya nuna a lambu.
Mutum biyar suka duba.
Biyu sun ce shi ne.
Biyu sun ce ruwa biyu ne, uwa nan, uba can.
Ɗaya ya ce wataƙila gashi ne ya tsage gida biyu.
A ƙasa, layi ɗaya da sa hannu:
an gode, ba a tabbatar ba.

Na hau gidansa da wasiƙar a aljihu, ƙafata na nauyi.
Ya saurara yana ɓare lemo.
"Da a da ne," ya ce, "da na ƙirga su a tafin hannuna,
ɗaya bayan ɗaya, har mai shakka ya taɓa.
Amma da can inda za shi bai isa ba."
Ya miƙo min rabi. Yana da tsami.

Bana ya riga ni hawa tudun.
Na tarar da shi da littafi a cinya, fensir a kunne,
ya zana fiffike, karkatacce, kamar tafin agwagwa.
Ya ce, "In ya dawo, ke duba maƙogwaro, ni yatsu."
Iska ta juyo daga arewa.
Har azahar, komai bai wuce ba.